Yadda za ka gane shokazobar motarka ta mutu, da yadda ake canza ta

Yawancin mu mun ɗauka aikin shokazoba shi ne ta sa a ji daɗin zama a mota kawai, shi ya sa mutum zai yi shekara biyu motarsa na rawa kamar kwale-kwale yana cewa sai ya samu sarari. To malam ba haka ba ne. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota, ita kuwa shokazoba aikinta ta hana sifirin ɗin ci gaba da tsalle, ta danne taya a ƙasa. Tayar da ke tsalle ba ta kama burki yadda ya kamata kuma ba ta riƙe kwana, musamman da damina in titi ya jiƙe. Ni tawa Camry ce ta 2004, wadda ake ce wa Big Daddy, kuma a kanta na koyi duk abin da zan faɗa, amma Corolla ta 2003 zuwa sama da Peugeot 406 duk gabansu kusan tsari ɗaya ne.

Da farko ka san wace iri ce a motarka. Akwai shokazoba zalla wadda take gefe ita kaɗai, sifirin yana wani wajen daban, wannan noti biyu ne ka cire ka sa sabuwa. Akwai kuma wadda sifirin ke zagaye da ita a jiki ɗaya, ƙasanta a ɗaure jikin hob, wato ƙarfen da taya ke ɗaure a kansa, samanta kuma a jikin bodi, ita ce ake kira tsarin MacPherson, sunan injiniyan Amurka da ya ƙirƙiro ta. Ita wannan ƙafar mota ce gaba ɗaya, da ita sitiyari ke juyawa, don haka in ta lalace har tsayuwar taya sai ta karkace. Big Daddy gaba da baya duk irin wannan ce.

Kafin ka kashe ko sisi ka tabbatar ita ce ta mutu, don ba duk ƙarar "ƙwas ƙwas" da kake ji a gargada ba ce shokazoba, sau da yawa ƙananan kayan ƙafar mota ne, kamar ɗan ƙarfen sitabilaiza (sandar da ke rage karkatar mota a kwana) ko bushin ko bol join, waɗanda kuɗinsu bai kai rabin nata ba. Ajiye motar a waje mai baje, ka danna kusurwa ɗaya da duk ƙarfinka ka saki. In ta taso ta tsaya to da sauranta, in ta yi ta lilo sau biyu sau uku ta gama. Sai ka karya sitiyari ka haska fitilar waya ta bayan taya ka dubi jikinta. Ɗan danshi kaɗan ba komai, amma in ka ga mai ya zubo har ƙasa ƙura ta manne ta yi baƙi ƙirin to ta zubar da manta. Shafa tafin hannunka a kan taya kuma, in ka ji ta cinye tudu da kwari tudu da kwari, alamar tsalle take yi a titi. Sannan in ka taka burki gaban motar ya duƙa kamar raƙumi zai durƙusa, ita ce. Kamfanonin da ke ƙera ta suna cewa a fara duba ta daga kilomita 80,000, to ka lissafa da motar da ta shigo ta Kwatano da sama da 200,000 sannan ta zo ta haɗu da ramukanmu.

Wajen saye nan ne ake kuka. Na taɓa sayen ta Beljiyam guda biyu, sun sha baƙin fenti suna ƙyalli, ban gwada ba na biya na tafi, ko wata uku ba a yi ba ta hagu ta fara zubar da mai. Ba wai ta Beljiyam ba ta da kyau gaba ɗaya ba ne, akwai masu sauran rai sosai, amma ka tuna ita ma daga jikin tsohuwar mota aka ciro ta, ba wanda ya san tafiyar da ta yi. In ita aljihunka ya kai, ka guji wadda aka yi wa sabon fenti, ka duba sandar ƙarfen nan mai sheƙi kar a samu tsatsa ko karce ko lanƙwasa, sannan ka tsayar da ita ka danna sandar ƙasa. Ya kamata ka ji tana yi maka gardama tun daga sama har ƙasa ba wajen da za ta zurma, in mai gas ce kuma ta dawo da kanta a hankali. Wadda aka huda aka yi wa ɗurin mai aka toshe da walda kuwa ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa, abin da ya lalace a ciki ba mai ba ne kaɗai. In da hali ka sayi sabuwa, ta kamfanin KYB ko Monroe ko Sachs, amma su ma akwai jabunsu a kasuwa, ko kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ka je ko ta Panteka a Kaduna, ka tafi da wanda ya san kaya, ka kuma riƙe tsohuwar a hannu a gwada, don ta dama da ta hagu ba ɗaya ba ne, kunnuwan da ake ɗaura tiyon burki sun bambanta.

Kuma don Allah biyu ake canzawa tare, gaba biyu ko baya biyu. In ka sa sabuwa gefe ɗaya ka bar gajiyayya a ɗayan, motar za ta riƙa karkata a kwana da wajen burki. Ka haɗa da robar sama mai boris a ciki, da robar da ke rufe sandar daga ƙura, tunda an riga an kwance, kar sai bayan sati biyu sitiyari ya fara ƙara a sake biyan kuɗin aiki.

Yanzu aikin. Ja burkin hannu, sa dutse a bayan tayoyin baya, sassauta notocin taya da wil sifana mai lamba 21 tun motar na ƙasa sannan ka ɗaga. Kar ka taɓa dogara da jak kaɗai, tokare motar da ƙarfen tokare ko katako mai kauri, ka kuma tura tayar da ka cire ƙarƙashinta. Fesa WD-40, man feshin nan mai sassauta tsatsa, a notocin ka ba su minti goma. Cire ɗan ƙarfen sitabilaiza daga jikin shokazobar, cire ƙaramin notin da ya riƙe tiyon burki da wayar ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka burki, ka yi a hankali da wayar nan don in ta tsinke wata fitila ce za ta kama maka a dashbod. Sai manyan notoci biyu na ƙasa da suka haɗa ta da hob, waɗannan suna da taurin kai sai da dogon ƙarfe, kuma da ka zare su ka tallafe hob ɗin da igiya ko wani jak kar ya rinjaya waje ya ja tiyon burki ko ya zaro shaf, sandar da ke juya taya. Daga nan ka buɗe bonet ka kwance notoci uku na sama, wani ya riƙe maka ta daga ƙasa. A bayan Big Daddy sai an cire majinginar kujerar baya kafin a kai ga na saman.

Babban noti na tsakiya da ke saman, KAR KA TAƁA SHI. Shi ne ya riƙe sifirin a matse, kuma ƙarfin da ke cikin sifirin ɗin nan shi ke ɗauke da kusurwar mota guda. Da idona na ga yaron gareji ya kwantar da ita a ƙasa ya take da ƙafa yana kwance notin, sai ji muka yi fau! robar saman ta tashi ta doki langa-langan shago ta lotsa shi, notin kuwa har muka bar wajen ba a gan shi ba. Da fuskarsa ce a saitin da wani labarin ake. Akwai abin matse sifirin guda biyu masu ƙugiya, ana maƙala su suna kallon juna, ka ɗaure wannan kaɗan ka ɗaure wancan kaɗan har sai ka ga sifirin ya saki mazauninsa yana motsi, sannan ka kwance notin, kuma ko a lokacin kar ka sa kanka a saitinsa. In ba ka da abin matsewar, ka ɗauki shokazobar yadda take ka kai wa bakaniken da yake da shi, ka tsaya ka ga ya fito da shi da idonka.

Kafin ka sa sabuwar, tsayar da ita ka danna sandar ka bari ta dawo kamar sau huɗu don man ya zauna, tunda a kwance ta daɗe a shago. Kar ka kama sandar da filaya, ɗan karce ɗaya ya isa ya yanka robar da ke tare mai. Ƙarshen sifirin yana da gurbin da yake zama a farantin ƙasa, ka tabbatar ya faɗa ciki daidai, ka mayar da robar sama yadda ka same ta, shi ya sa yana da kyau ka ɗauki hoto da waya kafin ka kwance. Ɗaure notin tsakiya, saki abin matsewar a hankali, sannan ka mayar jikin mota, notocin sama tukuna da hannu, sai manyan na ƙasa ka ɗaure su tamau, sai tiyo da waya da sitabilaiza. Notocin taya na Toyota 103 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) ake ɗaure su, ba sai yaro ya hau sifana yana tsalle ba.

Daga nan kai tsaye wajen alaimen, wato masu saita tsayuwar taya, ko da kana ganin motar na tafiya sak, don kwance manyan notocin nan biyu yana taɓa tsayuwar taya, in ka share a wata biyu gefen sabbin tayoyinka zai cinye. Bayan ka yi kwana biyu uku kana hawa, sake bin notocin sama da na taya da sifana, ka kuma leƙa ka tabbatar tiyon burki ba ya gogar komai in ka karya sitiyari har ƙarshe.