Kurakuran da aka fi yi wajen sake ɗura harsashin bindiga mai baki biyu

Bindigar farauta mai baki biyu, irin wadda ake karyawa a zuba mata harsashi biyu a rufe, ba ta da ƙarfin tura harsashin da ya ƙi shiga, ba ta kuma da ƙarfin fizgo kwanson da ya maƙale. Bindiga mai sakata tana iya danna kwanson da ya ɗan kumbura ta zaunar da shi dole. Ita wannan ɗan maciri ne kawai gare ta, wanda ke kama leɓen gindin kwanso ya ɗago shi. Yawancin kurakuran masu sake ɗura harsashi, wato masu sake cika kwanson da aka harba da albarushi da sabuwar ƙwaya, daga nan suke tasowa: suna yi mata aiki da dabarun da suka saba da su a wata bindiga daban.

Wanda ya fi yawa shi ne matse wuyan kwanso kaɗai a bar jikinsa yadda ya fito. Masu harbin saiti suna son haka, domin kwanson ya riga ya ɗauki siffar mazauninsa, wato ramin gindin bututu da harsashi ke zama a ciki. To amma nan mazauni biyu ne, kuma da wuya su zo daidai da juna, musamman a tsofaffin bindigogin Ingila da aka ƙera da hannu. Kwanson da aka harba a bakin dama yana iya ƙin shiga na hagu, ko ya shiga ya hana bindiga rufuwa. Gyaran shi ne a matse kwanso gaba ɗaya tun daga wuya har gindi, kowane lokaci. Sai dai kada a zarce. A kwanso mai kafaɗa kamar .470 Nitro Express ko 9.3x74R, idan ana tura kafaɗar baya fiye da kima, duk harbi sai kwanson ya miƙe, tagullar ta sirance a saman gindi, wata rana ya tsinke biyu rabi ya tsaya a ciki. A riƙa saukar da mamatsin, wato ƙarfen da ke matse kwanso, kaɗan-kaɗan har kwanso ya shiga mazaunin da ya fi ƙunci cikin biyun, sannan a tsaya a nan.

Gwajin kansa mutane da yawa ba sa yin sa daidai. Wani zai gwada harsashi ɗaya cikin hamsin, a baki ɗaya, ya ce an gama. Ga yadda ya kamata. A cire katakon gaba, a raba bututun da gangar bindigar, a riƙe shi bakinsa na kallon ƙasa. A saki harsashi cikin mazaunin dama. Da nauyinsa kaɗai ya kamata ya zame, ka ji ƙwas, leɓensa ya kwanta cikin gurbinsa. Ka shafa ɗan yatsa ko ka ɗora gefen rula a kan fuskar bututun: gindin kwanso bai kamata ya ɗago sama da fuskar ba, idan macirin ya koma wurinsa. Ka kifa bututun, harsashin ya faɗo tafin hannunka ba tare da ka sa farce ba. Sai ka maimaita a na hagu. Kowane harsashi, kowane baki. Amfanin raba bindigar shi ne babu allurar tayar da harsashi da za ta taɓa komai. Rufe cikakkiyar bindiga a kan harsashi mai rai a cikin ɗaki ganganci ne da ba ni da uzurin da zan ba mai yin sa. Idan ana son ganin ko za ta rufu, a yi da kwanso marar albarushi marar firama, wato 'yar hular da ke gindin kwanso wadda allura ke bugawa wuta ta kama.

Idan harsashi ya ƙi zama, kada a yi ta hasashe. A shafe shi da baƙar maka tun daga kai har gindi, a sa shi a mazauni, a ɗan juya, a fitar. Inda tawadar ta goge, nan yake cijewa. In a saman gindi ne, mamatsin bai sauka sosai ba, ko kwanson ya sha matsin da ya fi ƙarfinsa. In a baki ne, ko kwanson ya yi tsawo yana buƙatar datsewa (na .470 inci 3.25 ne), ko kuma an matse bakin da ƙarfi har wuyan ya yi ƙullutu. In kuwa a jikin ƙwayar harsashin ne, ta fito waje da yawa tana taɓa zanen cikin bututu.

Akwai kuma kaurin leɓe, wanda sabon shiga ba ya ma tunawa da shi. Waɗannan harsasai a kan leɓensu suke zama, kuma kamfanoni sun sha bamban a kaurinsa. Leɓe mai kauri zai sa bindiga ta ƙi rufuwa, ko madatsarta, wato ɗan hannun da ake turawa gefe a buɗe ta, ta ƙi komawa tsakiya. Kuskuren shi ne a kama bindigar da ƙarfi a buga ta rufu. Yin haka yana cin maƙulli da ƙusar da bututun ke juyawa a kai, har fuskar bututu ta fara barin fuskar ganga, gyaran da sai ƙwararren maƙeri. A auna leɓen da kalifa, wato ma'aunin kauri. Idan dole sai an rage, daga gaban leɓen ake ragewa. Wanda ya goge ta baya ya rage zurfin ramin firama, sai firamar ta tsaya a waje, ga shi kuwa firama mai tsini a bindigar da ake rufewa da ƙarfi hatsari ce. Ko da leɓe lafiya lau ne, firama ta zauna daidai da gindi ko ta ɗan nutse.

Sai babban abin da ya raba wannan bindiga da sauran. Bututunta biyu an haɗe su ne da dalma bayan maƙeri ya yi ta harbawa yana gyara tsakaninsu, har suka riƙa jefa harsashi wuri guda da nauyin ƙwaya ɗaya da gudu ɗaya. A .470 Nitro Express, ƙwaya mai nauyin giren 500 ce, wato kusan giram 32, da gudun ƙafa 2,150 a daƙiƙa. Mai ɗura harsashi aikinsa ya nemo wannan gudun, ba ya wuce shi ba. A bisa al'ada, idan gudu ya yi yawa harbin yakan gitta, na dama ya faɗa hagu na hagu ya faɗa dama. Idan ya yi kaɗan sai su ware. Saboda haka takardar saiti da na'urar auna gudu su ne alƙalai. A fara daga ƙasan abin da littafin ɗuri ya bayar, a hau a hankali, ana harba dama sannan hagu, ana barin bututu ya huce, hannu na riƙe da katakon gaba maimakon a ɗora bututun a kan abu mai tauri. Da zarar ramukan sun zo gefe da gefe, an isa.

Masu jiran su ga firama ta baje ko kwanso ya yi wuyar fita kafin su san sun yi yawa, suna jiran alamar da ba za ta zo a kan lokaci ba. Hukumar CIP ta Turai, mai tsara ƙa'idar gwajin bindigogi, ta sa iyakar matsin .470 a 2,700 a ma'aunin bar, alhali ta harsashin .30-06 tana kai 4,050. Tagulla ba ta fara nuna wahala a irin wannan ƙaramin matsi, don haka bindigar tana iya cutuwa kwanson yana nan sumul.

Waɗannan manyan kwansuna an yi su ne don kodayit, albarushin Ingila mai kama da tsinke, tun daga .450 Nitro Express da kamfanin bindiga na Rigby ya fitar a 1898. Wasu albarusan zamani ba sa cika su, sai a bar fili, wutar ta kama ba daidai ba ko ta yi jinkiri. Mafita biyu ce: a zaɓi albarushi mai ci a hankali wanda ke cika kwanso, ko a sa macikin soso ko auduga ta roba, amma sai wanda littafin ya ambata tare da wannan albarushin, kuma ya cike filin har ƙasan ƙwaya. Toshi ƙarami da aka danna kan albarushi aka bar iska a samansa yana iya kumbura mazauni ya yi masa zobe.

Rashin matse baki ma kuskure ne. Idan bakin dama ya tashi, bindiga ta yi baya, ƙwayar da ke hagu tana son tsayawa inda take, sai ta zame gaba. A matse bakin kwanso cikin tsagin da ke jikin ƙwaya, bayan an datse kwansuna tsawo ɗaya. Don tabbatarwa, a auna tsawon harsashi, a bar shi a hagu, a harba dama sau uku ko huɗu, a sake aunawa.

Game da ƙwayar kanta, tsohuwar bindiga mai siririn bututu ba wurin gwada ƙwayar tagulla zalla mai tauri ba ce. Ƙwaya mai cikin dalma irin ta Woodleigh ta Ostireliya, wadda ta bi siffar tsofaffin na kamfanin Kynoch na Ingila, ta fi dacewa da ita. A kuma sa maƙeri ya auna faɗin cikin bututu, domin a irin su .450/400 ana samun bambanci tsakanin bindiga da bindiga.

Kwanson waɗannan harsasai yana da tsada, shi ya sa ake jin nauyin zubar da shi. A lanƙwasa kan siririyar waya a zura ciki a karce bango kusa da gindi. In ta faɗa wani ɗan kwari, ko aka ga zobe mai ƙyalli a waje, a murƙushe kwanson da filaya don kada ya koma cikin 'yan'uwansa. Wanda za a fuskanci ɓauna ko giwa da shi kuwa, ya zama sabo ne ko wanda aka harba sau ɗaya, kuma ya bi ta bakin nan biyu kafin ya shiga ɗamara.