Yadda za ka kula da agogon hannunka a Tawa

Abu uku ke kashe agogo a garin nan: ƙurar hunturu, zufar bazara da ruwan alwala. Na ukun ya fi ɓarna, tunda sau biyar ne a yini.

Da farko juya agogon ka duba bayansa. In an rubuta 30M (mita 30) ko 3 ATM, alamar jure ruwa, kada lambar ta ruɗe ka, yayyafi kawai yake jurewa. Cire shi kafin ka ɗauki buta. Mai 100M ne ake shiga ruwa da shi, shi ma sai ka tabbatar ɗan kan da ake murɗa lokaci ya koma ciki sosai. Ni na taɓa yin asarar guda. Bayan La'asar na ga raɓa ta kwanta cikin gilashi, na ce ai ranar Tawa za ta busar da ita. Sati biyu tsatsa ta cinye injin. In ka ga raɓa, kai wa mai gyara a ranar.

Sai gogewa. Kowane dare shafe shi da ƙyalle mai laushi. Madaurin ƙarfe kuwa, samo tsohon buroshin haƙori da ɗan ruwan sabulu, ka bi tsakanin gaɓoɓin inda ƙura da zufa ke daskarewa su yi baƙi. Na fata ba ya son ruwa, kuma a watan Afrilu wari zai yi. Ajiye shi sai sanyi. Turare ma a riga ake fesa shi.

Pil fa, wato batir? Casio F-91W na cin CR2016, kusan shekara 7 yake yi. Masu allura galibi shekara 2 zuwa 3. Da agogo ya tsaya a cire mataccen, don yana yoyo ya ƙona ciki. Tsaya a gaban teburin mai gyara ka ga ya mayar da zoben robar murfin, wasu jefar da shi suke yi.

Mai Seiko 5, agogon da motsin hannu ke ba shi ƙarfin aiki, ya nisanta shi da lasifika saboda maganaɗisu. Kuma kada ya canza kwanan wata tsakanin ƙarfe 9 na dare da 4 na asuba, lokacin haƙoran ciki na kan aiki.