Yadda Ake Yi wa Tsofaffin Kuɗi Rajista a Intanet

A gidaje da yawa na Kebbi, daga Jega zuwa Argungu, daga Yawuri zuwa Kamba, akwai tsofaffin kuɗi kwance cikin gwangwani ko a ƙasan adaka: anini mai huda, taro, sisi, sule, tsohuwar naira ɗaya ta takarda. Matasa da dama sun soma tara su don sha'awa, wasu har sun cika kwalba biyu ko uku. Abin da ke damuna shi ne kusan babu mai rubutawa. Ka tambayi mai tarin sule nawa gare shi, na waɗanne shekaru, wanne ya fito daga hannun kakarsa, wanne ya saya a kasuwa, sai ya ce bari ya zazzage ya duba.

Akwai wurin da aka tanada domin wannan aiki. Sunansa Numista, wani Bafaranshe ne ya kafa shi a 2007, kuma masu tara kuɗi na ƙasashen duniya ne ke cika kundinsa da hannunsu. Kowane irin kuɗi yana da shafinsa: hoto gaba da baya, nauyi, faɗi, irin ƙarfen, da shekarun da aka buga shi. Kai naka shi ne ka nemo shafin, ka ce ina da wannan. Yin rajista kyauta ne. Babu Hausa a cikin harsunansa, amma Chrome na iya juya shafin zuwa Hausa gwargwadon da za a fahimta.

Da farko, kada ka wanke komai

Wannan ne ya fi kowane mataki muhimmanci, shi ya sa na sa shi gaba da batun waya. Mutum zai ga kwabo ya yi baƙi, sai ya kawo toka da lemun tsami, ko yashi, ya dirje shi har ya yi ƙyalli. Ya gama da shi ke nan. Duhun da ke jikin tsohon ƙarfe shi ne shaidar shekarunsa, dirzawa kuma tana barin zane-zane ƙanana da duk wanda ya san harkar zai gani da kallo ɗaya. Idan ƙasa ce ta manne, ruwa zalla ya isa, sai a ɗora a kan tsumma mai laushi ya bushe sarai. Kuɗin takarda ba a yi masa guga, ba a liƙa masa salatif, ba a kai shi a manne cikin leda kamar katin shaida. Yadda ya zo hannunka, haka za ka bar shi. Riƙon tsaba kuma ta gefe ne, ba a dafa fuskarta da yatsa.

Ka ware su kashi-kashi

Shimfiɗa zane mai duhu, ka zazzage. Kuɗin da ake samu a yankinmu yawanci gida huɗu ne, kuma sanin gidan shi ne rabin aikin nema.

Gida na farko na zamanin Turawa ne. Tun 1907 aka fara buga anini da kwabo masu huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci a jiki. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi guda ɗaya da ke yi wa Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya aiki, shi ya sa ba za ka same su a ƙarƙashin sunan Najeriya ba. A akwatin nema British West Africa za ka rubuta, kamar yadda yake a jikin kuɗin. Sule da dala na wannan gida suna da hoton bishiyar kwakwar manja. Na farko-farkonsu, daga 1913, azurfa ne, daga 1920 aka koma ƙarfe mai ruwan ɗorawa.

Gida na biyu shi ne na 1959, shekarar da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki ya fitar da fam da sule na ƙasa: taro mai kusurwa goma sha biyu da hoton auduga, sisi mai koko, dala mai gyaɗa. Na uku naira da kobo, daga 1 ga Janairu 1973 zuwa yau. A nan ne za a sami kobo ɗaya mai hoton rijiyar mai, da kobo ashirin da biyar mai gyaɗa, da Murtala ta naira ashirin da ta fito a 1977. Ka lura da launi sosai a takardun wannan gida, domin a Afrilun 1984 an sauya launukansu hotunan na nan yadda suke, saboda haka naira biyar mai Tafawa Ɓalewa iri fiye da ɗaya ce, kowacce da shafinta.

Na huɗu kuɗin maƙwabta. Wanda ke zaune Kamba ko Lolo ko Bachaka ya san saifa kamar yadda ya san naira, tana shigowa daga Gaya da Malanville. Ba a jera ta ƙarƙashin Nijar ko Benin, tana ƙarƙashin ƙasashen Afirka ta Yamma masu banki ɗaya. Riyal da halala da alhazai ke dawowa da su sai a yi musu gefensu.

Littafi kafin waya

Sami littafi mai bango mai ƙarfi. Kowane kuɗi ka ba shi lamba taka, 1, 2, 3, ka rubuta lambar a ƙaramin ambulan na takarda, ka sa shi ciki shi kaɗai. Ledar roba mai laushi tana sa ƙarfe ya yi tsatsa kore idan aka daɗe, balle a garuruwan bakin kogi da damina ke jiƙa komai. Takardun kuɗi a sa su tsakanin farar takarda, a akwatin ƙarfe, nesa da bango saboda gara.

A gaban kowace lamba ka rubuta abu uku: wa ya ba ka, a wane gari, yaushe. Idan da labari ka ƙara. Wannan sulen yana cikin sadakin wance, wannan aninin an tsinto shi lokacin da ake haƙa harsashin ɗaki a Gwandu. Kundin intanet ya san nauyin sule da adadin da aka buga, amma bai san wannan ba, kuma babu inda zai samo shi sai a bakin tsofaffinmu. In akwai Inna ko Kaka a gida, ka zauna da ita kuɗin na shimfiɗe, ka ce, "Inna, wannan me ake saye da shi a zamaninku?" Ka rubuta abin da ta faɗa yadda ta faɗe shi, a ranar.

Awo da hoto

Ana buƙatar faɗi da milimita da nauyi da giram. Rula ta 'yan makaranta ta isa faɗi. Nauyi kuwa sai ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal, kuma in ba ka da shi, ka roƙi ɗayansu ya auna maka kaɗan da kake shakka a kansu.

Hoto a ɗauka da hantsi, a inuwa, ba da fitilar waya ba. Waya ta tsaya daidai saman kuɗin, gaba ɗaya, baya ɗaya. Kafin ka fara, shiga saitin kyamara ka kashe abin da ke liƙa wa hoto wurin da aka ɗauke shi.

Buɗe asusu da nemo shafi

Imel da kalmar sirri kawai ake nema. Ka zaɓi laƙabi, kada ka sa cikakken sunanka, kada ka sa unguwa ko lambar waya. Ƙasa ta wadatar. Halin da ake ciki na tsaro ba ya buƙatar dogon bayani, kuma wanda ya ga hoton tsaba ɗari a intanet ba lallai ya san yawancinsu ba su kai kuɗin buhun shinkafa ba. Ka leƙa saitin asusun ka ga abin da baƙo ke iya gani kafin ka zuba komai.

Sai nema. Zaɓi ƙasar da ta fitar, ka sa shekara, ka duba hotuna har ka ga naka. Idan rubutun ya goge, babban nema yana karɓar faɗi da nauyi da siffa, nan awon da ka yi zai yi rana. Kada ka tsaya a hoton da ya yi kama. Ka gwada sunan sarkin da ke jiki harafi da harafi, domin kwabon George na Biyar da na George na Shida daga nesa duk ɗaya ne.

Idan ka sami shafin, za ka ga jerin shekaru a ƙasa, wani lokaci shekara ɗaya layi biyu ko uku. Dalili shi ne ƙaramin harafin da ke nuna masana'antar da ta buga. A kuɗin zamanin Turawa, H na nufin masana'antar Heaton, KN na nufin King's Norton, dukansu a Birmingham ta Ingila, wanda ba shi da harafi kuma yawanci bugun masana'antar gwamnati ne. Harafin ƙanƙane ne ƙwarai, sai ka ɗauki hoto ka buɗa shi da yatsu. Bai kamata a yi kasala a nan ba, saboda sau da yawa bambancin kuɗin da ya cika duniya da wanda ake nema ruwa a jallo bai wuce wannan harafin ba. Ka danna layin da ya dace, ka sa adadin da kake da shi, ka kwafe lambar shafin, wadda ke farawa da N, cikin littafinka. A wurin bayanin sirri ka sa lambar ambulan.

Faɗin gaskiya a kan lafiyar kuɗin

Za a tambaye ka matsayinsa. Matakan suna tashi daga G, wanda ya suɗe sai inuwar hoto, su bi ta VG da F da VF da XF da AU, su kai UNC, wanda bai taɓa yawo a kasuwa ba. Kuɗin da ya yi shekara talatin yana zagaya kasuwar Jega da wuya ya wuce F ko VF, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Idan kana tsakanin biyu, ka ɗauki na ƙasa. Wanda aka huda don sarƙa ko aka taɓa dirzawa, ka rubuta haka ƙarara.

Abubuwa biyu suna yawan ruɗin mutane. Na ɗaya babbar dalar azurfa mai hoton Maria Theresa, sarauniyar Ostiriya, wadda fatake suka yi ciniki da ita, mata suka yi ado da ita, maƙeran farfaru suka narka da yawa. Za ka ga 1780 a jiki. Ba shekarar bugunta ba ce lallai, domin an ci gaba da buga ta da wannan shekarar har cikin zamaninmu. Nauyinta wajen giram 28 ne, wadda ta gaza haka da nisa a yi shakkarta. Na biyu anini da kwabo na 1936 masu sunan Edward na Takwas, sarkin Ingila da ya sauka daga gadon sarauta a shekarar da ya hau. Labarin yana sa a zaci abin ba ya samuwa, alhali an buga su da yawa. Kowane shafi yana da ma'aunin ƙaranci daga 0 zuwa 100, wanda ake lissafawa daga yawan masu rajistar da ke da irinsa. Ka duba shi kafin ka saurari mai cewa kwabonka na ɗauke da wani sinadari da Turawa ke saye da miliyoyi, sai dai ka fara biyan kuɗin gwaji. Wannan damfara ce.

Nunawa da musaya

Abin da kake da biyu ko uku ka yi masa alamar musaya, abin da kake nema ka sa a jerin buƙata. Kundin da kansa zai nuna maka wanda ke da abin da kake buƙata kuma yake son rarar da ke hannunka. Ka duba shaidar da abokan musayarsa na baya suka ba shi, ka fara da abu mai araha. Kafin aikawa waje ka tambayi gidan waya abin da suke karɓa. Dokar Babban Banki ta 2007 ta hana cinikin takardun naira da tsabarta, don haka kuɗin da ke aiki yanzu a ajiye kawai. Kayan tarihi na gargajiya kuma ba a fitar da su ƙasar waje sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. In abin da ke hannunka ya yi kama da kayan sarauta ko na yaƙi, ka nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi na Kanta a Argungu tukuna.

Duk bayan 'yan watanni ka sauke jerin tarinka a fayil, ka tura wa kanka ta imel. Mai tara kan sarki ko katin waya, tsarin duk ɗaya ne, sai dai wurinsa wani kundin intanet ne mai suna Colnect. A jerin kan sarkin 1973 akwai mai hoton kamun kifin Argungu, ya cancanci ɗan Kebbi ya nema.

Wata rana za ka ci karo da shafin da hotonsa ya dushe, ko aka bar nauyi babu, ko shekarar da ke hannunka ba ta cikin jeri. Akwai maɓallin neman gyara. Ka tura hoto mai kyau na gaba da baya tare da awonka, masu tantancewa za su duba, su amince ko su nemi ƙarin bayani. Inda mu muka fi amfani shi ne rubutun Larabci da na ajami da ke jikin kuɗinmu, domin almajirin da ya yi allo yana karanta shi kai tsaye. Ka rubuta shi harafi da harafi yadda yake, ka nuna a hoto inda yake zaune, kuma abin da ya goge ka bar gurbinsa, kada ka cike da zato.