Kurakuran da aka fi yi kan hawan jinin ido bayan aikin cire yanar ido

Ranar da aka cire wa Hajiyarmu bandeji a Katsina, kallona ta yi ta ce, "Ashe haka ka yi furfura?" Muka kwashe da dariya, na ɗauki jakarta za mu kamo hanyar Daura. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta tare mu a bakin ƙofa: "Malam, ina za ka kai Hajiya ba a auna idon ba?" Da aka auna matsin cikin idon, ya haura 30. Lafiyayyen ido kuwa tsakanin 10 ne zuwa 21.

Kuskurenmu na kowa ne: tunda ta ga haske, shi ke nan an gama. Sunan ciwon ma yana ruɗa mutane. Muna cewa hawan jinin ido, alhali ba jini ba ne, ruwa ne da ido ke samarwa yana fita ta wata 'yar magudana. In ta toshe, ruwan ya taru ya danne jijiyar gani, kuma abin da ya mutu a jijiyar nan ba ya dawowa. Don haka wanda ya ce "ai jinina lafiya lau" bai faɗi komai game da idonsa ba.

Lokacin aiki, likita kan zuba wani abu mai yauƙi a cikin ido don ya kare shi, in ya gama ya wanke. Ɗan abin da ya rage kan toshe magudanar, shi ya sa awo ya fi tashi cikin awa 24 na farko. Yawanci yakan sauka da kansa ko da ɗan magani. Amma kada a tsallake awon washegari don gudun kuɗin mota, gara a kwana gidan 'yan uwa a cikin gari.

Babban kuskuren ma tun kafin a shiga ɗakin aiki ake yin sa. Likita ba boka ba ne. Da abin da ya auna da abin da aka gaya masa yake hasashen yadda ido zai yi bayan aiki. Awo mai yawa tun farko, tsohon ciwon gilokoma (lalacewar jijiyar gani da hawan jinin ido kan jawo), ko a ce uwa ko uba sun makance sannu a hankali, duk alamu ne cewa wannan idon sai an sa masa lura. Mu kuwa, musamman in aikin ido kyauta ne layi ya yi tsawo, sai mu ɓoye komai don kada a ce mu dawo gobe. Har asma da sikila da ciwon ƙoda ake ɓoyewa, alhali maganin timolol na iya tayar da asma, maganin acetazolamide kuma ba a ba mai sikila ko mai ciwon ƙoda haka kawai, su ne kuma ake yawan sauke awo da su. Faɗi komai, sannan ka roƙi a rubuta maka lambar kowane ido a kati.

Sai maganin ɗigawa, inda na fi ganin ɓarna. Akan ba da mai sinadarin sitiyarod, irin su dexamethasone ko prednisolone, don kumburi. A idon wasu mutane shi da kansa yake tayar da awo, galibi bayan mako biyu zuwa shida, kuma shiru yake yi, ba zafi ba ja. Tsoho ya ji daɗin magani, kwalba ta ƙare, a aiki yaro kemis da tsohuwar kwalbar a sayo wata. Haka za a yi ta yi har wata uku, maƙwabta ma su ara in hunturu ya shigo. Likita kan tsara yadda za a rage shi mako-mako har a daina. A bi wannan tsarin, a koma awo ranar da aka sa ko da ido garau yake.

Ɗaga kaya mai nauyi da dogon sunkuyo ma suna ƙara matsi. Batun sujada a kwanakin farko, a tambayi likita kai tsaye, ba abin kunya ba ne.

Wani abin kuma, gaskiya ne bayan watanni aikin cire yanar ido yakan ɗan sauke awo, musamman ga wanda nasa ya yi yawa tun farko. Sai mai gilokoma ya ji haka ya ajiye maganinsa. Cire yana bai warkar da gilokoma ba. A binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007, yana ce ta zo ta ɗaya, gilokoma na biye da ita, kuma sau da yawa ido ɗaya kan haɗa su biyun.

In ido ya hau zugi har cikin kai, ga tashin zuciya ko amai, gani ya koma dishi-dishi, ko ana ganin bakan gizo kewaye da fitila, kada a sha farasitamol a kwanta jiran ranar komawa. A nemi mota a koma asibitin ido a ranar, da kati da duk kwalaben magani a leda.