Kurakuran da ke sa a ci gwanjon intanet amma a tafka asara

A kara, in ka taya sa mai shi ya ce "albarka", kana iya juya baya ka tafi, dillali ya biyo ka yana "Alhaji, dawo mu daidaita." A gwanjon intanet babu mai biyo ka. Agogo ne kawai ke cin daƙiƙoƙi, ga wani mutum da ba ka taɓa gani ba, ko a Legas yake ko a Dubai, yana ɗora kuɗi a kan naka. Na daɗe ina kallon 'yan'uwa suna sayen mota a Copart da IAA, kamfanonin gwanjon motoci na Amurka, waya da kwamfuta a eBay, kuma yawancin asarar da na gani ba 'yan damfara ne suka jawo ta ba. Mai saye ne ya yi wa kansa.

Babban kuskure shi ne shiga gwanjo ba tare da ka yanke iyakarka ba. Iyakar nan kuwa daga baya ake lissafo ta. Ka fara da tambayar nawa irin wannan mota take a Kano ko Kaduna yau, a tsaye, da takardunta. Daga wannan kuɗi sai ka dinga cirewa: gyara da fenti, kuɗin fito na kwastam da ladan mai kiliya, kuɗin jirgin ruwa zuwa Legas, kuɗin janyo motar daga filin gwanjo zuwa bakin teku, la'adar dillalin da ya ba ka aron lasisinsa (jihohin Amurka da yawa ba sa barin kowa ya taya kai tsaye), sannan kuɗaɗen da kamfanin gwanjon kansa ke ɗorawa, wato kason mai saye, kuɗin tayi ta intanet da kuɗin fitar da mota daga ƙofa. A kan mota mai araha waɗannan na ƙarshe suna da nauyi ƙwarai. Abin da ya rage bayan ka ware ribarka, shi ne tayinka na ƙarshe. Ka rubuta shi a takarda da biro, ka ajiye kusa da kwamfutar.

Ina faɗin takarda ne saboda ƙanina. Wata magariba muna zaune a shagonsa, can Texas kuwa rana tsaka, ana gwanjon wata Corolla da aka buga ta baya. Ya ce mini, "Yaya, in ta wuce dala 3,000 na haƙura." Ta kai 3,000. Wani ya ƙara, shi ma ya ƙara. Na ga gumi a goshinsa, yatsansa na kan linzamin kwamfuta kamar mai jiran harbi. Na ce masa ai an wuce wurin, ya ce, "Saura ɗaya kawai, Yaya, ya kusa gajiya." A 3,850 aka sallama masa. Ya yi tsalle, muka yi sallah, muka dawo ya ɗauko kalkuleta. Bai ƙara magana ba har aka rufe shago.

Masana tattalin arziki sun san wannan ciwo. A 1971 wasu injiniyoyin kamfanin mai na Atlantic Richfield su uku suka lura cewa kamfanonin da ke cin gwanjon filayen mai a Tekun Mekziko yawanci su ne waɗanda suka fi kowa zuzuta man da ke ƙasa. In mutum ashirin suka kimanta abu, wanda ya fi kowa tayi galibi shi ne wanda ya fi kowa kuskure. Don haka in ka ga dillalai da suka ƙware duk sun janye, kai kaɗai ka rage da wani, ka tambayi kanka abin da suka gani. Akwai ma binciken da Young Han Lee da Ulrike Malmendier suka wallafa a 2011 kan gwanjon wani kayan wasa a eBay: a kashi 42 cikin 100, wanda ya ci ya biya fiye da farashin da ake sayar da kayan nan take a shafin. Maganin wannan ba wuya. Kafin ka taya, duba farashin saye kai tsaye, ka kuma duba jerin kayan da aka riga aka sayar, domin abin da mai kaya ya rubuta buri ne, abin da aka biya shi ne kasuwa.

Kuskure na gaba shi ne ƙari kaɗan-kaɗan irin na ciniki a kasuwa. A eBay wannan ɓata lokaci ne. Kana rubuta iyakarka ne a ɓoye, na'ura ta riƙa taya maka daidai gwargwadon buƙata. A ce waya tana kan dala 120, ka sa 180, abokin hamayyarka iyakarsa 150. Ba 180 za ka biya ba, 152.50 za ka biya, domin tsakanin dala 100 da 250 matakin ƙari dala biyu da rabi ne. Tsarin ya yi kama da wanda William Vickrey ya bayyana a 1961, inda mai cin gwanjo ke biyan kuɗin wanda ya zo na biyu. Saboda haka faɗin gaskiyar iyakarka sau ɗaya ya fi tayi goma. Ƙaramar dabara: kada ka tsaya a kan cikakken adadi. Mutane na son 150 da 200, kai ka sa 153.60. In kuma tayi biyu suka zo daidai, wanda ya riga shi ke ci.

Sai maganar lokaci, inda ake cakuɗa gwanjo iri biyu. Na eBay galibi yana rufewa a ƙayyadadden lokaci, ko da wani na shirin ƙari. Taya da wuri a nan tallata kayan ne kawai, kana ba masu zuciya kwanaki su yi ta cizon iyakarka. Shi ya sa gogaggu ke jira sai daƙiƙoƙin ƙarshe, kuma dokar shafin ba ta hana ba. Alvin Roth da Axel Ockenfels sun nuna a 2002 cewa tayin ƙarshen lokaci ya fi yawa a eBay fiye da tsohon gwanjon Amazon, wanda ke ƙara minti 10 duk lokacin da sabon tayi ya shigo dab da rufewa. Gwanjon motoci na kai tsaye irin na biyun ne: kowane ƙari yana mayar da agogo baya, don haka ɓuya ba ta da amfani, iyakarka ce kaɗai makaminka. Mu nan kuma sai mu tuna da halin sabis ɗinmu. Wanda ya jira daƙiƙa uku na ƙarshe da intanet mai rarrafe, sai dai ya ga an rufe.

Rashin karanta bayanin kaya kuwa cinikin biri a sama ne. Alamar "Run and Drive" a Copart ma'anarta motar ta tashi ta kuma motsa gaba lokacin da aka shigo da ita filin. Ba alƙawari ba ne cewa za ta tashi ranar da aka zo ɗauka, balle ta kai ka Zariya. Ka ɗauki lambar VIN, wato lambar shaidar mota mai alamomi 17, ka bincika tarihinta, ka san irin takardar mallakarta, domin akwai wadda aka yanke wa hukuncin rugujewa, fitar da ita daga ƙasar ma aiki ne. Motar da ambaliya ta shanye ni ba na ko kallonta, komai ƙyallinta a hoto. Ciwon wayoyi sai bayan watanni yake fitowa. Ka duba kuma ko akwai mafi ƙarancin farashin da mai kaya ya gindaya, don kana iya fin kowa tayi a ce maka sai ya amince.

Da yawa kuma sai sun ci suke fara neman dala. Kwanakin biya ƙalilan ne, bayansu tara da kuɗin ajiya na kullum, in ka fasa kuma a caje ka kuɗin mayar da kayan gwanjo. Wanda ya ci mota a farkon Yunin 2023 da lissafin tsohon canji, kafin ta iso an saki naira, kuɗin fito ma ya tashi tare da ita. Ka tanadi dalar a hannu kafin ka taya, ka kuma bar rara a lissafin kwastam.

Game da masu turo hotunan motoci a WhatsApp da Facebook da sunan gwanjon kwastam, suna cewa ka tura kuɗin fom a asusun wani mutum: hukumar tana yin gwanjonta ne a shafinta na intanet, kuma ta sha gargaɗi a kan waɗannan mutane. Da ka ga lambar asusu da sunan mutum, ka rufe saƙon.