Yadda za ka gane tsohon kofin Jamus na gaske kafin a sayar maka da jabu

In ka ci karo da irin dogayen kofunan giyar nan na Jamus masu murfin ƙarfe da zanen furanni ko tsuntsu ko doki, a gwanjo ko a intanet, kar ka yi saurin zaro kuɗi. Jamusawa na ce wa irin wannan aiki Fayence, sunan daga garin Faenza na Italiya ya samo asali. Yumɓu ne aka gasa aka tsoma a ruwan gilashi mai haɗin dalma da kuza, kuzar ce ke sa shi fari kamar tangaran ɗin Sin alhali ba shi ba ne.

To fara da ɗaga shi ka haska tocila ta ciki. Tangaran na gaske haske na ɗan ratsa shi, wannan kuwa ko kaɗan. Ɗan ƙwanƙwasa da farce, ƙarar a dakushe take. Sannan duba baki da gindi da mariƙi, abin da ya shekara ɗari biyu da wani abu da wuya ka same shi bai ɓantare ko'ina ba, kuma a wurin ɓantarewar za ka ga yumɓun ciki ruwan ƙasa ko ja-ja. Ni wallahi in na ga kofi sumul kamar jiya aka yi shi, nan zargina ke farawa.

Zanen shi ne inda aka fi kama ɓarawo. A kan ɗanyen farin ake zanawa kafin a mayar wuta, yana shanye launi nan take kamar ka ɗiga tawada a kan garin alli, babu gogewa babu gyara, shi ya sa za ka ga sawun burushi, wani wuri ya yi kauri wani ya yi ruwa-ruwa, kuma launukan ba su da yawa, shuɗi, kore, rawaya, sai wani shanshanbale da ake samu daga ma'adinin manganis. In ka sa gilashin ƙara girma ka ga ɗigo-ɗigo a jere, bugun inji ne, ajiye musu kayansu.

Juya gindin. Wasu masana'antu na sa alama, misali ta garin Bayreuth akwai BK na zamanin da wani Knöller ke da masana'antar, amma da yawa babu komai, kuma alama ta fi komai sauƙin kwaikwayo. Masana'antar garin Hanau ta fara a 1661, ta Frankfurt 1666, ta Ansbach 1710, ta Nürnberg 1712, wajen 1800 kuma kasuwar ta fara mutuwa da kayan Ingila masu araha suka shigo. Shekarar da ke kan murfi kar ka rantse da ita, ana cire murfi daga wani kofin a ɗora wa wani, duba ko ya zauna daidai bakin.

In ka saya, dan Allah kar ka ɗaga shi ta murfi ko mariƙi kaɗai, tallabo gindin. Kar a jiƙa shi cikin ruwa, yumɓun na tsotsewa ta tsagogi, tsumma mai ɗan danshi ya isa. Murfin ma bar shi da duhunsa, masu tara kayan tarihi sun fi son sa haka. Kuma ko ruwa ko zoɓo kar ka sha da shi, akwai dalma a jikinsa.