Yadda na gyara zanen Gizo da ya ƙi zama

Ina zana hotunan tatsuniya don littattafan yara, Gizo kuwa ya daɗe yana ba ni wahala. Duk wanda na zana sai ya fito kamar na katun ɗin Amurka, manyan idanu da ƙafafu takwas, yaran unguwarmu ma ba sa gane shi.

Maganin ya fito ne daga bakin gwaggona a ƙauyenmu na ƙasar Daura. Na roƙe ta ta yi mana tatsuniya bayan isha'i, na ajiye fensir, na zuba mata ido kawai. Da ta iso wurin Gizo sai ta karkace baki, ta shiga tsamin bakin nan nasa, "shaiki" maimakon sarki, kafaɗa a noƙe, ido yana satar kallon tukunyar Ƙoƙi. Ashe Gizon tatsuniya mutum ne cikakke, maƙwabci mai kwaɗayi da wayon tsiya, wanda kowa ya san irinsa.

Sai na rage masa ƙafafu, na sa masa 'yar shara da hula ta sha jiki, na karkata leɓensa gefe guda kamar yadda Gwaggo ta yi. Launi ma na sauya: jar ƙasa, farar ƙasa, da shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata a Kano, domin masu ƙyallin nan ba su dace da shi ba.

Yanzu kafin in buɗe baki yara sun ce, "Ga Gizo!" Dodo ne ya rage, shi ma wurin Gwaggo zan koma.